Garma da Alli a Ƙasar Diko

Duk matafiyin da ya saba bin hanyar Abuja zuwa Kaduna ya san mararrabar Diko, inda titin Minna ya ɓalle ya nufi Lambata. Wuri ne da mota ba ta wuce shi a guje, domin tireloli da tankokin mai sun mai da gefen titin masauki, masu doya sun jera ta tsibi-tsibi, 'yan talla kuma suna bin tagogin motoci da ruwan leda da gyaɗa da ayaba. Mutanen nesa da dama ba su taɓa jin sunan wurin ba sai ranar 18 ga Janairun 2025, sa'ad da wata tankar fetur ta kife a nan, jama'a suka taru suna kwasar man da ke malala, wuta ta tashi ta hallaka mutum fiye da 80. Gidajen rediyo suka yi kwanaki suna ambaton Diko, daga nan suka koma kan wasu al'amura. To, amma a bayan wannan titi akwai garin Diko kansa, tsohon mazaunin Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, a cikin Ƙaramar Hukumar Gurara ta Jihar Neja, 'yar tafiya kaɗan daga Suleja. A bayan garin kuma akwai ƙauyuka da rugage waɗanda in damina ta kankama sai babur ne ke kai mutum cikinsu. Yaran da matafiyi ke gani a bakin titi kaɗan ne daga cikin yaran da ke aiki a wannan ƙasa. Mafi yawansu suna can cikin gonaki, inda babu tagar motar da za a hango su daga ciki.

A waɗannan ƙauyuka na yi 'yan shekaru ina aiki a ƙarƙashin wani shiri na rage aikin wahala da ake sa yaran karkara. Aikina kashi biyu ne. Na farko in horar da kwamitin da kowane ƙauye ya zaɓa, wanda galibi ya ƙunshi mai unguwa da limami da fasto da hedimasta da wakiliyar mata da wani saurayi mai iya rubutu. Na biyu in riƙa zagayawa ina duba abin da suka rubuta a littafinsu, ina gwama shi da abin da ido ya gani.

Irin wannan shiri ba daga sama ya faɗo ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana da yarjejeniya mai lamba 138 ta shekarar 1973 kan mafi ƙarancin shekarun fara aiki, da mai lamba 182 ta 1999 kan mafi munin ayyukan da ake sa yara, kuma Nijeriya ta amince da dukkansu a 2002. A 2003 aka yi Dokar 'Yancin Yara, a 2004 aka yi dokar da ta mai da karatun shekara tara na farko kyauta kuma dole. A 2018 ƙungiyar ta ƙaddamar da wani shiri mai suna ACCEL Africa da kuɗin gwamnatin Holan a ƙasashen Afirka shida; a Nijeriya shirin ya fuskanci gonakin koko na Jihar Ondo da wuraren haƙar zinariya na Jihar Neja, ya kuma kafa kwamitocin sa ido a cikin al'ummomin da abin ya shafa. Shirin da na yi wa aiki ƙarami ne, gonaki ya fuskanta, amma a kan irin wannan tsari ya ɗora nasa. Girman matsalar kuwa Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta auna shi a bincikenta na 2022: yara fiye da miliyan 24, wato kashi 39 cikin ɗari na 'yan shekara 5 zuwa 17, suna cikin aikin da bai kamace su ba, a karkara kuma abin ya doshi kashi 45. Waɗannan alƙaluma su ake fara karantawa a taron Minna ko na Abuja. A ƙauye kuwa ba su da wani tasiri, domin babu uban da ya taɓa kallon ɗansa ya ga kashi cikin ɗari.

Ranar farko ta kowace bita a kan kalma guda take ƙarewa, wato "aiki". Takardun da aka aiko mana da Turanci aka rubuta su, ya rage namu mu nemo abin da za mu kira lamarin da Hausa, sannan tafinta ya juya shi da Gbagyi saboda tsofaffin matan da Hausar kasuwa kaɗai suke ji. Masu labarai a rediyo suna cewa "bautar da yara". Wannan lafazi ba ya shiga kunne a ƙasar da kakanni suka hau duwatsu a ƙarni na 19 don gudun mahara masu kamun bayi. Ka ce wa dattijon Gbagyi yana bautar da ɗan cikinsa, ka rufe ƙofar magana ke nan har ka bar garin. In ka ce "aikatau", sai a fahimci yarinyar da aka kai gidan wani tana wanke-wanke a biya ta, alhali wannan reshe ɗaya ne kawai. In ka ce "ƙwadago", sai uba ya ce shi bai taɓa biyan ɗansa ko kwabo ba, saboda haka maganar ba ta shafe shi ba. In ka ce "aikin ƙarfi", sai a yi dariya, domin wane aikin gona ne ba na ƙarfi ba? A ƙarshe muka tsaya a kan "aikin da ya fi ƙarfin yaro". Yana da tsawo, ba ya daɗin rubutu a jikin allo, amma yana da wata fa'ida: duk wanda ya ji shi sai ya tambaya, wane yaro, kuma wane aiki? Daga wannan tambaya bita ke farawa.

A wani ƙauye da ke yamma da titi, wani dattijo da ya yi shiru tun safe ya ɗaga sandarsa bayan azahar.

"Malam, ina da tambaya. Kai wa ya koya maka riƙe alƙalami?"

"Malamina, Baba."

"Kana shekara nawa?"

"Shida ko bakwai."

"To, ni ma ina shekara bakwai ubana ya ƙera mini 'yar garma daidai hannuna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In na bar ɗana ya kai sha takwas bai san huɗar doya ba, wa zai ci da shi, kai ko gwamnati?"

Rumfar ta ɗauki sowa, kuma dattijon yana da gaskiya. Duk mai horarwar da ya yi ƙoƙarin kayar da wannan magana da ayar doka ya ɓata yininsa. Hasali ma dokar ba ta tare da shi, domin Dokar Ƙwadago ta ƙasar nan da Dokar 'Yancin Yara duk sun yarda yaro ya yi aiki mara nauyi na gona ko na gida a hannun iyalinsa. Nakan kawo musu misalin Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira ashirin. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a hannun 'yar'uwar iyayenta a Kwali, kuma da wannan hannu ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, har sunanta ya kai Ingila da Amurka. Da an hana ta taɓa yumɓu sai ta girma, da ba mu san ta ba. Saboda haka na ce wa dattijon babu wanda ya zo ƙwace garma daga hannun jikansa. Na tambaye shi dai, don me mahaifinsa ya ƙera masa ƙarama, bai miƙa masa tasa ba? Ya yi murmushi ya ce ai babbar za ta karya masa baya. Na ce to, Baba, iyakar abin da muka zo nema ke nan, a dawo da wannan ma'auni na mahaifinka, domin yau akwai kayan aikin da ba a ƙera ƙananansu.

Daga nan mukan fito fili. Mukan cika jarka mai lita 25 da ruwa, mu ce wa babban mutum ya ɗauka ya kewaya rumfa sau uku, sannan mu tsayar da yarinya 'yar shekara tara kusa da jarkar, kowa ya duba. Ruwan jarkar nan kilo 25 ne, wato ya kusa nauyin yarinyar kanta. Haka nan mukan kawo famfon feshi na goyo, mai cin lita 16, wanda a 'yan shekarun nan ya maye gurbin fartanya a gonaki da yawa tun da maganin ciyawa ya yi arha a kan kuɗin 'yan ƙwadago. Manoma suna ganin feshi aiki ne mai sauƙi, tafiya ce kawai da danna hannu, don haka yaro ake ba. Sai mu cika famfon da ruwan da aka jiƙa shuni a ciki, mu sa wani saurayi ya sanya farar riga ya yi feshi na 'yan mintoci. In ya sauke, kowa ya ga bayansa da wuyansa da ƙafafunsa sun yi shuɗi. Babu wata lacca da ta kai wannan rigar aiki. Wata mata ta taɓa tashi a wurin ta ce yanzu ta gane dalilin da ɗanta ke dawowa da amai da ciwon kai duk ranar feshi, ita kuwa tana ta ba shi jiƙo tana zaton shawara ce.

Sa'o'i ma haka muke auna su. Ma'aunin da masu ƙididdiga na duniya ke amfani da shi ya ce ɗan shekara 12 zuwa 14 da ya yi aikin neman abinci na sa'a 14 ko fiye a mako ya shiga sahun da ake magana, ɗan 15 zuwa 17 kuma sa'a 43. Amma wa ke duba agogo a gona? Sai mu zube tsakuwa 24 a kan tabarma, kowace ɗaya sa'a guda, mu ce a raba su bisa yinin yaro: barci nawa, gona nawa, makaranta nawa, wasa nawa. Maza su yi nasu, mata su yi nasu a wata inuwar daban, domin in aka haɗa su matan ba su cewa uffan. Yinin ɗa namiji yakan rabu ba gardama. Na 'ya mace ne ke kawo rigima, saboda in aka ware ɗiban ruwa da itacen da take saɓowa a kafaɗa irin na matan Gbagyi da surfe da reno da tallan yamma, sai tsakuwa ta ƙare ba a zo kan makaranta ba. Na ga mata sun sake ƙirga tsakuwar har sau biyu, suna zaton wani yaro ne ya sace musu ɗaya.

Akwai labari guda da in na ba da shi rumfa kan yi tsit. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda ana kawo dutsen zinariya cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe. A 2015 abin ya sake faruwa a cikin Jihar Neja kanta, a Shikira ta Ƙaramar Hukumar Rafi, inda yara 28 suka rasu kafin ƙungiyar likitocin nan ta MSF da hukumomi su kai ɗauki. Nakan ba da labarin ne saboda samarin ƙauyukanmu da dama suna tafiya wuraren haƙa da rani, wasunsu ba su kai sha biyar ba, su dawo da kuɗin da uba bai taɓa riƙewa ba a kaka guda. Iyayen Shikira ba mugaye ba ne, ba su kuma ga wani abin tsoro a cikin ƙurar ba. Haɗarin garma kowa na ganinsa, shi ya sa aka ƙera ƙarama. Dalma da zaiba da maganin feshi ba su da kaifi, ba su da nauyi a ido, kuma hikimar kakanni ba ta riske su ba balle ta yi musu ma'auni.

Bita kwana uku ce, kuma ita ce ɓangare mai daɗi. Akwai shinkafa, akwai kuɗin mota, akwai hoto. Wuyar aikin tana cikin littafin da muke bari a hannun magatakardan kwamiti. Kowane shafi na yaro guda ne: sunansa, shekarunsa, gidansu, aikin da yake yi, ko yana makaranta, matakin da aka ɗauka, da ranar da aka koma duba shi. Shekarun ma kansu aiki ne, domin takardar haihuwa ba kowane gida ke da ita ba, sai a koma ga ungozoma, ita kuma ta ce an haife shi shekarar da aka yi ambaliya, ko damina biyu bayan rasuwar tsohon dagaci.

Mai zagaye kamar ni yakan koyi wasu abubuwa da wuri. In aka sanar da zuwanka, za ka tarar da aji cike maƙil, har da yaran da ba su san inda ake ajiye tsintsiyar makarantar ba. Wannan ba ha'inci ba ne a wurinsu, karamci ne. Baƙo ya zo, a nuna masa abin da zai faranta masa rai. Saboda haka rajistar aji ta fi kan yara faɗin gaskiya, muddin malami yana kiran suna kullum, ba ranar Juma'a yake zama ya cike makon gaba ɗaya da biro guda ba, abin da ake ganewa daga yadda alamomin suka jeru kamar sojoji. In rajistar ta gaskiya ce, tana karantuwa kamar kalandar manomi. Zangon karatu na uku ya faɗo daidai lokacin shuka da noman fari, na farko kuma, daga Satumba zuwa Disamba, ya faɗo a kan kaka da tonon doya. A waɗannan watanni za ka ga layin yaro ya tsinke mako biyu ko uku, ya dawo, ya sake tsinkewa. Ranar kasuwar Diko kuwa layin 'yan mata ne ke tsinkewa daga sama har ƙasa. Wanda ya zo zagaye a watan Fabrairu ya rubuta cewa komai lafiya bai yi ƙarya ba, amma bai ga kome ba. Abin haushi shi ne watannin da ya fi kamata a je su ne watannin da rafi ke cika, hanya ta yanke, ofis kuma ya ce a jira ruwa ya ɗauke.

Yaran rugage nasu lamarin daban ne. Ɗan Fulanin da ke bin shanu tun hantsi har faɗuwar rana ba ya cikin rajistar kowa, kuma ko da yake tun 1989 aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, rugar da ba ta da makaranta kusa ba ta da shafin da za a duba. Haka nan yarinyar da wata "anti" ta zo ta ɗauka zuwa Suleja ko Abuja da sunan riƙo. Ita ce ta fi kowa shiga haɗari, ita ce kuma littafin ya fi saurin mantawa da ita, domin da ta bar ƙauyen ta fita daga hurumin kwamiti. Na sha ganin an ja layi a kan sunan irin wannan yarinya an rubuta "ta yi tafiya", adadin yaran da ke aiki a ƙauyen ya ragu da ɗaya, rahoto ya yi kyau.

Abin da masu tsara irin wannan shiri ba su cika aunawa ba shi ne nauyin da ke kan ɗan kwamiti. Ni baƙo ne, in na gama in hau babur in tafi. Shi kuwa sunan ɗan maƙwabcinsa yake rubutawa, mutumin da za su haɗu a masallaci ko coci, wanda zai nemi aron garmarsa, wanda wataƙila surukinsa ne. Ba a biyansa albashi. Ba shi da ikon kama kowa, ba kuma a so ya zama ɗan sanda. Jarinsa kawai mutuncinsa, kuma duk sunan da ya rubuta ya ci bashi ne da wannan mutunci, domin iyayen yaron suna jiran su ga abin da zai biyo baya. In aka rubuta sunan yaro, aka raka shi makaranta, ya tarar da aji babu malami, ko malami ɗaya yana riƙe da aji uku, ko aka koro shi saboda kuɗin inifom da na jarrabawa a makarantar da doka ta ce kyauta ce, to ɗan kwamitin ne ya ji kunya, ba ofishinmu ba. Karo na biyu in ya zo da littafi, sai a ce masa maigidan ba ya nan. Ga kuma abin da ya fi ƙarfin kowa: bayan sace ɗaliban Kwalejin Kimiyya ta Kagara a Fabrairun 2021, da na Islamiyyar Tegina a watan Mayun wannan shekara, uban da ya ce ya fi natsuwa in ɗansa yana gabansa a gona ba ka da bakin ce masa ya yi kuskure. Daga wajen Shiroro da Munya iyalai suka yi ta gudowa kudu, ba gona, ba rumbu, 'ya'yansu kuma suka zama 'yan ƙwadago mafi arha a gonakin wasu. Cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya zo ya ƙara tsadar komai, har da kuɗin ɗaukar babban ma'aikaci, wanda in ya gagara yaro ne ke cike gurbinsa.

Shafin da na fi daɗewa a kansa na wani yaro ne ɗan shekara 13, ɗan fari a wurin wata mata da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu. Yaron ya bar aji biyar, yana yi wa mutane feshi da huɗa a biya shi, da kuɗin ake sayen hatsi. Muka je gidan da wakiliyar mata, wadda ta girme ta kuma tare suke zuwa coci. Matar ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, ta saurare mu har muka gama.

"Yaya, duk abin da kika faɗa na ji," in ji ta. "Malam, kai ma na gode. Ni ma ina so ya yi karatu, ubansa ma abin da ya so ke nan. Amma ku faɗa mini, in ya tafi makaranta gobe, waɗannan ukun me zan zuba musu a kwano da dare?"

Babu amsar wannan tambaya a cikin takardun bita. Abin da shirin ke iya bayarwa shi ne inifom da jaka da littattafai, da sanya uwar cikin ƙungiyar adashen mata, wanda sai bayan watanni zai fara haifar da wani abu. Tsakanin yau da watannin nan akwai dare masu yawa. Wakiliyar matan ce ta ɗauki maganar ta kai gaban mai unguwa, shi kuma ya tara kwamiti, aka yi zama uku. Abin da aka cim ma ba ya cikin kowane kundi. Matasan cocin da na masallacin suka yi wa matar gayya suka huɗe gonar marigayin, wadda ta kwana biyu ba a taɓa ba. Mai unguwa ya kira manoman da ke ɗaukar yaron ya ce daga yau kada wanda ya sake goya masa famfon feshi, duk wanda ya yi zai amsa kira a ƙofar dagaci. Hedimasta ya yafe masa kuɗaɗen da ake karɓa. Ƙwadagon huɗa da na tonon doya kuwa aka bar masa ranar Asabar da bayan an tashi makaranta, domin babu wanda ya iya cewa ga abin da zai maye gurbinsa.

Da na dawo zagaye bayan wata uku, na tarar kwamitin ya rabu biyu a kan shafin yaron. A ƙasan kowane shafi akwai akwati biyu: "an raba shi da aikin" da "yana cikin aikin". Akwatin farko shi ake tarawa a aika ofis, daga ofis a aika wa masu ba da kuɗi, daga can ya shiga cikin manyan alƙaluman duniya, irin waɗanda suka nuna a rahoton 2025 cewa yaran da ke wannan hali sun ragu daga miliyan 160 zuwa miliyan 138, a shekarar da ƙasashen duniya suka yi alkawarin kawo ƙarshen abin baki ɗaya. Fasto da limami, waɗanda ba kasafai suke zama gefe guda a muhawara ba, suka ce a cike akwatin farko: yaro ya bar guba, ya koma aji, me ya rage? In ba a rubuta wannan a matsayin nasara ba, wace za a rubuta, kuma da wane ƙarfin gwiwa matasa za su sake fita gayya? Magatakardan kwamitin, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, ya ce shi hannunsa ba zai rubuta haka ba, domin ya ga yaron da idonsa ranar Talata da hantsi a gonar wani, rajista kuma ta nuna ba kullum yake zuwa ba. In aka ce an raba shi da aiki, shafinsa ya rufu ke nan, babu mai komawa gidan, kuma kaka na tafe. Wakiliyar mata ta ce akwati na biyu ma zalunci ne, domin zai mai da wahalar da uwar ta sha da wadda gari ya sha kamar ba a yi ba.

Suka juyo gare ni, wai ni ne na ofis. Na ce musu ofis akwati biyu ya sani, amma littafin nasu ne, a ƙauyensu zai kwana. A ra'ayina magatakardan ya fi kusa da gaskiya, ko da yake na san abin da rashin cike akwatin farko ke jawowa: adadinmu na wannan zango zai gaza abin da aka yi alkawari, kuma shirin da adadinsa ya gaza ba a cika sabunta masa kuɗi ba. Limamin ma ya san haka, shi ya sa ya dage.

Tsohon malamin ya ɗauki rula ya ja layi a gefen shafin daga sama zuwa ƙasa, ya rubuta a kansa "kwanakin da ya zo aji". Ya aika aka karɓo rajista daga wurin hedimasta, ya ƙirga a gaban kowa, ya rubuta: Mayu, 14, Yuni, 11, Yuli, 9. Akwatunan biyu ya bar su fayau. A ƙarƙashin layin ya rubuta ranar da wakiliyar mata za ta koma gidan, ya zaɓi mako na biyu na Oktoba, lokacin da ake fara neman hannu a gonakin doya.